Amana da Jiziya: Koyarwar Alƙur'ani da Zaman Musulmi da Ahlul Kitabi a Zamanin Daulolin Musulunci

A cikin Suratun Nisa'i akwai jerin ayoyi, daga ta 105 zuwa ta 113, waɗanda masu tafsiri da dama suka ce sun sauka ne a kan wata sata da aka yi a Madina. Wani mutum daga cikin Ansar mai suna Ɗu'uma ɗan Ubairiƙ ya saci sulken maƙwabcinsa, da ya ga asirinsa zai tonu sai ya kai shi gidan wani Bayahude ya ajiye, danginsa kuma suka taru suka zo wurin Annabi (SAW) suna neman ya wanke ɗan'uwansu a bainar jama'a. Duk abin da ido ke gani yana nuna Bayahuden, domin a hannunsa aka sami kayan, kuma lokaci ne da dangantaka tsakanin Musulmi da ƙabilun Yahudawan Madina ta riga ta yi tsami. Sai wahayi ya sauka yana hana Annabi zama mai kare maha'inta, yana kuma bayyana cewa wanda ya aikata laifi sannan ya jefi wanda bai ji ba bai gani ba da shi, to ya ɗauki ƙage da zunubi mabayyani. Littafin da Musulmi ke karantawa a cikin salla ya wanke Bayahude, ya kuma tona asirin wanda ke cikin sahun Musulmi.

Na fara da wannan ƙissa ne domin duk mai son fahimtar yadda Musulmi suka zauna da Yahudawa da Kiristoci a ƙarnonin da suka biyo baya, daga Bagadaza har Ƙurɗuba, yana bukatar ya riƙe ma'aunin da Littafin da kansa ya kafa kafin ya auna aikin sarakuna da shi. Masu magana a kan wannan tarihi sukan rabu gida biyu. Wasu suna ba da labarinsa kamar zaman aljanna wanda ba a taɓa cutar da kowa a cikinsa ba, wasu kuma ba sa ganin komai a cikinsa sai ƙasƙanci da danniya. Dukkan ɓangarorin biyu suna da hujjojin da za su iya ɗaukowa daga littattafai, dukkansu kuma suna rufe ido daga rabin labarin. Abin da na fahimta shi ne akwai matakai uku da ya kamata a rarrabe: nassin Alƙur'ani da Hadisi, tsarin da malaman fiƙihu suka gina a kansa, da kuma abin da masu mulki suka aikata gwargwadon ƙarfinsu ko tsoronsu.

A matakin nassi, adalci wajibi ne wanda bambancin addini ba ya saukewa. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta gargaɗi muminai kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa su ƙi yin adalci, aya ta 8 a Suratul Mumtahana kuma ta ce Allah bai hana kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙi Musulmi saboda addini ba kuma ba su fitar da su daga gidajensu ba. Kalmar da ayar ta yi amfani da ita wajen kyautatawar, wato birru, ita ce dai kalmar da ake amfani da ita ga biyayyar iyaye, kuma an ruwaito cewa Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar ta tambayi Annabi game da mahaifiyarta da ta kawo mata ziyara alhali tana mushirika, ya umarce ta da ta sadar da zumuncinta. Suratul Baƙara ta ce babu tilastawa a cikin addini, Suratul Ankabut ta hana jayayya da Ahlul Kitabi sai ta hanya mafi kyau, Suratul Hajji kuma, a wurin da ta ba da izinin yaƙi, ta jero ɗakunan ruhubanawa da coci-coci da wuraren ibadar Yahudawa tare da masallatai a matsayin wuraren da za a rusa da Allah ba ya tunkuɗe wasu mutane da wasu. Sai kuma aya ta 5 a Ma'ida wadda ta halatta abincinsu da auren matansu masu kamun kai, hukuncin da ke nufin ɗan Musulmi yana iya samun kaka da kawunnai Kiristoci ko Yahudawa, da duk haƙƙin zumuncin da ke biye da haka.

Sai dai Littafin bai tsaya nan ba, kuma ɓoye sauran rashin gaskiya ne. Ya yi raddi mai zafi ga aƙidar allah-uku-cikin-ɗaya da ta cewa Allah yana da ɗa, ya zargi wasu malaman Ahlul Kitabi da sauya magana daga wurarenta, aya ta 51 a Ma'ida ta hana riƙon Yahudu da Nasara majiɓinta, aya ta 29 a Suratut Tauba kuma ta yi umarni da yaƙarsu har sai sun ba da jiziya, wato harajin da wanda ba Musulmi ba ke biya wa daular Musulunci, suna masu ƙanƙan da kai. Abin lura shi ne ko a tsakiyar suka Alƙur'ani yana ƙin yi musu kuɗin goro. Suratu Ali Imrana ta ce ba dukkansu ne ɗaya ba, kuma a cikinsu akwai wanda in ka ba shi amanar dukiya mai tarin yawa zai mayar maka, akwai kuma wanda ko dinari ɗaya ba zai mayar ba sai ka tsaya a kansa.

Daga waɗannan nassoshi ne, da yarjejeniyoyin da Annabi ya ƙulla da mutane irin su Kiristocin Najran, aka gina tsarin zimma, wanda malamanmu na zaure suke fassarawa da amana, su kira mai ita kafirin amana. Fassarar ta dace, domin zimma alkawari ne mai ɓangare biyu: su biya jiziya su karɓi ikon daular, ita kuma ta tsare jininsu da dukiyarsu da wuraren ibadarsu, ta bar su da shugabanninsu da kotunansu a kan aure da gado. Buhari ya ruwaito cewa wanda ya kashe mai alkawari ba zai ji ƙanshin Aljanna ba, kuma Sayyidina Umar, yana kwance bayan an soke shi, ya yi wa halifan da zai gaje shi wasiyya da ya cika wa 'yan amana alkawarinsu, ya yi yaƙi domin kare su, kada kuma a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu.

Alƙali Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa wanda ya rasu a 798, ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid littafin Kharaj, inda ya sanya jiziya dirhami 48 a shekara ga mawadaci, 24 ga matsakaici, 12 ga mai aikin hannu, ya kuma cire mata da yara da miskinin da ake ba sadaka. A cikin wannan littafi ne aka kawo labarin Umar da tsohon Bayahude makaho da ya gani yana bara domin ya biya jiziya, ya sa aka ɗauke masa ita aka yanka masa abinci daga baitulmali, yana cewa ba a yi masa adalci ba in an ci ƙuruciyarsa an yasar da shi a tsufansa. Duk wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid zai tuna adadin mazhabar Malikiyya, dinari 4 ko dirhami 40, tare da sassauta wa matalauci.

Inda malamai suka fi rabuwa shi ne a kan ma'anar ƙanƙan da kai da ayar Tauba ta ambata, kuma a ganina wannan saɓani ɗaya ya shafi rayuwar mutane fiye da kowane. Imam Shafi'i ya ce ma'anarsa ita ce hukuncin Musulunci ya gudana a kansu, ke nan miƙa wuya ga doka. Wasu masu tafsiri da fuƙaha'u na baya suka mayar da shi wulaƙanci na zahiri, suka ce a karɓi kuɗin mai biya yana tsaye mai karɓa yana zaune, har da kama gemu da mari. Imam Nawawi ya ce wannan siffa ɓatacciya ce wadda ba a san mata wani asali abin dogaro ba, kuma ba a ruwaito Annabi ko halifofi shiryayyu sun aikata ta ba. Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya bi wata hanya wajen haɗa ayar Mumtahana da ayoyin da suka hana jiɓinta. Ya ce abin da aka hana shi ne soyayyar zuci ga addininsu, abin da aka umarta kuwa ya haɗa da tausasa wa mai rauninsu, ciyar da mayunwacinsu, tufatar da matsiraicinsu da tsare mutuncinsu a bayan idonsu. Duk da haka, zimma ba daidaito ba ce irin wanda tsarin mulkin ƙasashen yau ke alkawartawa. Ba a karɓar shaidar ɗan amana a kan Musulmi, diyyarsa rabi ce a wurin Malikiyya, sulusi a wurin Shafi'iyya, Hanafiyya ne kaɗai daga cikin mazhabobi huɗu suka daidaita ta da ta Musulmi. Akwai kuma takardar da ake kira Sharuɗɗan Umar, wadda masana tarihi da yawa ke ganin an tsara ta ne bayan zamaninsa, mai hana gina sababbin coci-coci da hawan doki da ɗaga murya a ibada, mai kuma wajabta ɗaura wata igiya a ƙugu domin a bambance su.

Abin da ya faru a aikace ya sha bamban da takarda, wani lokaci ta gefen sauƙi, wani lokaci ta gefen tsanani. A Bagadaza, wajen shekara ta 781, Halifa Mahadi ya zauna kwana biyu yana muhawara da Timotawus na Ɗaya, shugaban Cocin Gabas, a kan Annabi Isa da matsayin Annabi Muhammadu. Timotawus bai bar addininsa ba, amma ya ce Annabi ya bi tafarkin annabawa, ya koma gida lafiya ya rubuta yadda zaman ya gudana da harshen Suryaniyanci. A ƙarnin da ya biyo baya Hunain ɗan Ishaƙ, Kirista daga Hira wanda ya rasu a 873, ya jagoranci fassara littattafan likitancin Girkawa zuwa Larabci, iyalan Bukhtishu, su ma Kiristoci, kuma suka yi ta gadon likitancin halifofi kaka da jika. Farabi, masanin falsafa Musulmi, ya yi karatun manɗiƙ a hannun malamai Kiristoci, shi ma ya karantar da Kirista Yahaya ɗan Adi. Marubuci Jahiz, a raddin da ya rubuta wa Nasara, ya koka cewa masu hannu da shuni a cikinsu sun daina ɗaura igiyar ƙugu suna hawan dawakai na alfarma, wanda hakan ke nuna dokar tana nan a rubuce amma ba a cika aiki da ita ba. A shekara ta 850 Halifa Mutawakkil ya farfaɗo da ita da ƙarfi, ya tilasta tufafi masu launin zuma ya kuma sa a rusa sababbin coci-coci, alhali likitocin da ke duba lafiyarsa Kiristoci ne.

Labarin fada dai labarin manya ne. Rayuwar talaka ta fito fili ne daga wani ɗakin ajiya a majami'ar Yahudawa ta Ben Ezra a Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira, inda aka riƙa zuba duk takardar da ake zaton tana ɗauke da sunan Allah domin kada a wulaƙanta ta, kamar yadda mu ma ba ma jefar da takarda mai aya. Takardun, waɗanda aka kwashi kaso mai yawa daga cikinsu zuwa jami'ar Kambirij a 1897, sun haɗa da wasiƙun fatake da takardun aure da ƙorafe-ƙorafe. Sun nuna Yahudawa da Musulmi suna zaune a unguwa ɗaya, har a gida ɗaya, suna haɗa jari suna fatauci zuwa Indiya, har an sami tambayar da aka yi wa Musa ɗan Maimun, babban malamin Yahudawa, game da masu sana'a da suka haɗa shago, ribar Juma'a ta Bayahude, ta Asabar ta Musulmi, ya ce ya halatta. Amma takardun nan ne kuma suka nuna nauyin jiziya a kan matalauci, domin a Masar ta wancan zamani ba a ɗauke masa ita, ba ya iya tafiya sai da takardar shaidar biya, kuma wasiƙu da yawa roƙo ne na mutanen da suka ɓuya a gida don tsoron masu karɓa. Tsohon da Umar ya ɗauke wa haraji, da ya rayu a Fusɗaɗ a ƙarni na 12, da wuya ya sami irin wannan rangwame.

Andalus, wato yankin Sifaniya da Musulmi suka mulka, ce aka fi kafa misali da ita, ita ce kuma ta fi nuna raunin tsarin. A Ƙurɗuba, Abdurrahman na Uku ya ɗaukaka likita Bayahude Hasdai ɗan Shafrut har ya zama mai karɓar jakadu, ya kuma aiki Kirista Rabi'u ɗan Zaid jakada zuwa fadar Otto na Ɗaya a Jamus. A Garnaɗa, Isma'ila ɗan Nagrila, malamin Yahudawa kuma mawaƙi, ya zama waziri yana fita da rundunar Musulmi yaƙi har rasuwarsa a 1056. Ɗansa Yusufu ya gaje shi, amma a watan Disamba na 1066 jama'ar gari suka afka wa fada suka kashe shi, suka bi Yahudawan birnin da kisa. Daga cikin abubuwan da suka hura wutar akwai ƙasidar wani faƙihi, Abu Ishaƙ na Ilbira, kuma abin da ya ja hankalina a cikinta shi ne bai iya cewa jinin ɗan amana halal ne ba. Sai da ya fara da'awar cewa su ne suka warware alkawari ta hanyar hawa kan Musulmi, saboda haka babu sauran amana. Ko mai tunzura jama'a ya san akwai katangar da sai ya rusa ta da hujja kafin a bi shi, ya kuma san cewa talakan da ke ganin waziri yana karɓar harajinsa zai karɓi hujjar da sauri.

Muwahhidai, masu wata daular Musulmi daga Magrib waɗanda suka ci Ƙurɗuba a 1148, su ne suka ture katangar gaba ɗaya, suka ba Yahudawa da Kiristoci zaɓi tsakanin musulunta da barin ƙasa. Iyalan Musa ɗan Maimun suna cikin waɗanda suka yi gudun hijira, suka zauna a Fas, daga bisani suka sauka a Masar, inda ya zama likitan Alƙali Fadil, wazirin Salahuddin. Masanin tarihi Ƙifɗi ya ruwaito cewa wani faƙihi daga Andalus ya zarge shi da ridda, yana cewa ya san shi Musulmi a can, sai Alƙali Fadil ya kore ƙarar da cewa musuluncin wanda aka tilasta bai inganta ba a shari'a. Daula ɗaya ta Musulmi ta kore shi, wata ta ba shi mafaka da hujjar ayar Baƙara. Haka a Masar ɗin, Halifa Hakim na Faɗimiyya ya rusa babbar cocin Ƙudus a 1009, daga baya ya ƙyale waɗanda aka tilasta su koma addininsu.

Idan aka jera lokutan tsanani za a ga yawancinsu sun zo ne tare da tsoro. Bayan 'yan Salibiyya sun ci Ƙudus a 1099, Mongol kuma sun rusa Bagadaza a 1258, sai aka fara kallon Kiristocin gida da idon zargi, zamanin daular Mamluk a Masar ya zo da rufe coci-coci da korar ma'aikata Ƙibɗawa, wato Kiristocin Masar, a 1301 da 1354. A cikin wannan yanayi ne kuma Ibn Taimiyya, wanda ba a san shi da sassauci ga aƙidar Nasara ba, ya je wurin kwamandojin Mongol neman sakin fursunoni, da aka ce za a saki Musulmi kaɗai ya ƙi, ya ce sai an haɗa da Yahudawa da Kiristoci domin 'yan amanarmu ne. A Turai ta wannan zamani, majalisar coci ta Lateran ta wajabta wa Yahudawa da Musulmi tufafin bambanci a 1215, Ingila ta kori Yahudawanta a 1290, Sifaniya ta yi haka a 1492, da yawa daga cikinsu kuma daular Usmaniyya da ƙasashen Magrib ne suka karɓe su. Kwatancin yana da amfani wajen sanin zamanin, amma bai kamata ya zama mafakar kauce wa abin da ya faru a Garnaɗa ba, domin ma'aunin da Musulmi zai auna kansa da shi aya ta 8 ce a Ma'ida, mai umarni da adalci.

Wannan muhawara ta iso har ƙofarmu ta hanyar Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili, wanda muka fi sani da nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a kan wajiban sarakuna, da amsoshin da ya ba Askiya Muhammadu na Songhai. Kafin ya ratso Sahara zuwa Ahir da Katsina da Kano, ya zauna a Tuwat, a kudancin Aljeriya ta yau, inda Yahudawa ke da hannu a fataucin hamada kuma suke da majami'a a Tamanɗiɗ. Almagili ya yi fatawa cewa sun warware amana saboda kusancinsu da masu mulki da rashin biyan jiziya bisa ƙanƙan da kai, don haka a rusa majami'ar. Alƙalin Tuwat, Abdullahi Asnuni, ya ƙi yarda, yana ganin amanarsu na nan kuma majami'ar tana da haƙƙin tsayawa. Aka aika tambaya ga malaman Tilimsan da Fas da Tunis, wasu irin su Ibn Zakri suka goyi bayan alƙali, Tanasi ya goyi bayan Almagili, wajen 1492 kuma mabiyansa suka rusa majami'ar aka kashe wasu daga cikin Yahudawan, sauran suka watse. Dukkan malaman nan 'yan Malikiyya ne masu karanta littattafai iri ɗaya, Wansharisi kuma ya tattara fatawoyin ɓangarorin biyu a cikin littafinsa Mi'iyar. Girman Almagili a tarihin Kano bai hana ni ganin cewa hujjar Asnuni ta fi kusa da wasiyyar Umar ba.

A ƙasar Hausa kuwa, inda babu tsofaffin al'ummun Yahudawa ko Kiristoci a wancan lokaci, tambayar ta faɗa ne a kan manoman da suka riƙe addinin gargajiya. Masana da dama suna ganin sunan Maguzawa ya samo asali daga Majusu, wato masu bautar wuta na Farisa, waɗanda Muwaɗɗa ta ruwaito umarnin a bi da su yadda ake bi da Ahlul Kitabi, Risala kuma ta ambace su cikin waɗanda ake karɓar jiziya daga gare su. Da wannan suna aka sama musu gurbi a cikin fiƙihu, suka ci gaba da zama a ƙauyukan Kano da Katsina suna noma suna biyan haraji ga sarakunan Musulmi, kafin jihadin Shehu Usmanu da kuma bayansa.